Ƙafa Ba Ta Laifi

Baduku ake ce masa, kuma in ka nemi sunansa na yanka a layin nan sai dai a yi ta kallon-kallo. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani dogon bene yake, daura da inda motocin haya ke sauke mutane. Ba wani shago ba ne na a zo a gani: benci ɗaya, tsohon keken ɗinki, gwangwanin gam, guduma da basilla, sai ƙafafun katako jere a kan kanta, waɗanda yake ɗora wa fata in zai haɗa sabon takalmi. Warin gam ya kama jikinsa har matarsa kan ce ko a cikin taron lahira da hanci za ta nemo shi.

Mutum ne da ba ya riƙe fuska. Ka gaishe shi da safe ka dawo da yamma, sai ya dubi ƙasa tukuna sannan ya ce, "Af, kai ne mai cin dunduniyar hagu." Ya san mai jan ƙafa, ya san wadda ke cusa ƙafarta cikin takalmin da ya yi mata kaɗan don kada a ce. Amma ba ya faɗa. Maigidan da ya koya masa sana'a ya bar masa doka guda: ƙafa ba ta laifi, takalmi ne mai laifi. In mutum ya zo da ƙafa kamar faranti, ba ka ce masa ƙafarka ta cika faɗi, sai ka ce fatar zamani ce ba ta da kirki, ka buɗa masa takalmin ya tafi da mutuncinsa. Baduku ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Da ya san inda za ta kai shi, da ya sassauta riƙon.

Matar tasa Firit yake ce mata, tun ranar da ta kawo masa silifas ɗinta da ya tsinke, tana budurwa. Ita ce ta tsakiya a gidansu. Yayarta ta kwashe tsawo, ƙanwarta ta kwashe gashi, ita aka bar mata ƙafa. Ƴar ƙafa ce kamar ta yarinya, lamba talatin da shida. Ya ɗora silifas ɗin a tafin hannunsa ya ce, "Wannan naki ne ko na ƴar tsana?" Ta galla masa harara. Ɗan gyaran da bai taka kara ya karya ba, ya yi ta ja mata rai da shi har sai da ta gaji da zirya ta fara zama a kan bencin.

Tun da suka yi aure ba ta ƙara sayen takalmi a kasuwa ba. Duk shekara sai ya haɗa mata sabo, ya juya shi ya buga lambar a ƙasa da ɗan ƙarfensa. A gidan wanki da guga take aiki, inda ake kawo zannuwan gado da kayan ma'aikata buhu-buhu, kuma duk matan wurin sun haddace kirarinta: "Ni ko na haihu ko na tsufa, talatin da shida nake." Ba ta da wani abin taƙama a duniya sai wannan, sai kuma ƴarsu guda, wadda suke kira Auta duk da ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe.

Auta na gab da gama makaranta Firit ta fara cewa takalmi na matsa mata. Baduku ya ce fata ce, ya buɗa shi. Ta ƙara yin ƙorafi, ya ƙara buɗawa. Da lokacin sabo ya zo ya zaunar da ita ta taka kwali, ya zagaye ƙafar da fensir yadda ya saba. A shago ya ɗora sabon zanen a kan tsoho, sai ya ga ya yi masa zobe ta ko'ina. Ya daɗe yana kallon kwalayen nan. Ya tuna yadda take ɗaga ƙafa a gaban mata tana dariya. Sai ya ɗauki icce ya sassaƙa sabuwar ƙafar katako, ya haɗa takalmin a kanta, ya juya shi ya buga talatin da shida.

Abin da aka yi sau ɗaya ba ya wuyar maimaitawa. Ƙafa tana ƙaruwa, yana sassaƙa sabon katako, yana tura tsohon bayan ƙunshin fata inda ba mai gani. Har gwaninta ya koya a kai. Ya gane baƙar fata tana rage wa ƙafa girma a ido, siririn baki yana ɓoye faɗi, ɗinki a tsaye ya fi ɗinki a kwance. In ta sa sabo ta juya a tsakar ɗaki, daɗi ya kan cika shi, yana ganin babu mijin da ya kai shi iya rufa wa mata asiri. Da zobenta ya ƙi fita, da sabulu ya zare shi, ya ce zai kai a wanke, ya kai wa maƙeri ya ƙara masa faɗi.

Sauran abubuwan kuwa duk wasa suka mayar da su. Haƙoranta suka buɗe, ya ce, "Wushirya da tsufa? Wa kike shirin sa ni kishi da shi?" Muryarta ta yi kauri, ya ce yanzu gida ya samu maigida na biyu. Ta fara minshari, ya ce injin niƙan maƙwabta ya samu abokin hira. Tana dariya, tana jifansa da matashi. Ciwon kai ya zo, suka ɗora wa tururin guga. Masu magana sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Fuskar da kake kwana da ita kake tashi da ita ba ka ganin tafiyarta.

Auta ta yi aure, mijinta ya tafi da ita nesa, shekaru suka ja ba ta zo ba sai gaisuwa ta waya. A cikin shekarun nan Firit ta fara karo da bakin ƙofa. Ta kan ture kofin da ke gefenta ta ce wa ya ajiye shi nan. Ta dawo daga aiki da ƙuna a damtse, ta ce ba ta ga dutsen gugar abokiyar aikinta ba, alhali a gefenta yake. Baduku ya shafa mata magani ya ce ta rage gaggawa.

Ranar da Auta ta zo, da rana tsaka ta iso, da goyo a baya da jaka a hannu. Baduku ne ya tarbo ta daga tasha, ya tsaya biyan mai mota kuɗinsa, ita ta riga shi shiga. Ta tarar da wata mata a tsakar gida tana shanya. Ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Umma tana ciki?"

Matar ta juyo gaba ɗaya, don sai ta juyo gaba ɗaya take ganin mutum. Ta ce, "Auta?"

Jakar ta faɗi. Auta ta dubi goshin da ya turo, ta dubi hancin da ya baje, haɓar da ta yi gaba, hannayen nan masu kauri kamar na mai faskare. Ta toshe bakinta. Baduku ya shigo ya same su a haka, ya fara cewa, "Kin ga tsohuwar taki ta yi ƙiba ko?" Auta ta juyo masa da idanu jawur.

"Baba, wace ƙiba? Dube ta mana! Don Allah ɗaga kai ka dube ta!"

Ya ɗaga kai. A kan bango ta cikin ƙofar ɗaki akwai hotonsu na shekarun baya, ga kuma Firit tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ya dubi wannan ya dubi waccan.

Auta ba ta ko kwance goyo ba sai da ta sa suka yi alkawarin asibiti. Likitan ido ya zaunar da Firit ya ce ta kalli hancinsa, yana kaɗa yatsu ta gefe. Ba ta ga komai ba sai da yatsun suka zo gabanta. Ya rufe mata idon dama, ta ce duhu ne da ɗan hazo. Ya daina wasan da yake yi musu. Ya ce idanun lafiyarsu ƙalau, matsalar a bayansu take, ya tura su ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, daga can aka tura su asibitin koyarwa.

Likitar da ta karɓe su mace ce, ƴar siririya, ba ta girmi Auta da yawa ba. Baduku ya lura da takalmanta na roba, sun cinye ta gefe irin na mai daɗewa a tsaye. Ta kunna allo ta nuna musu hoton. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, a gindin ƙoƙon kai, bayan hanci, akwai wata ƴar halitta kamar ƙwayar wake wadda ke ba jiki umarnin girma. Ƙari ya fito a kanta. Shi ke ta ba ƙashi umarni ya ƙaru bayan an gama girma, shi ne kuma ya kumbura ya danne jijiyoyin ido a daidai inda suka haɗu.

"Idon hagu ya kusa tafiya," in ji ta. "Na dama muke so mu ceto."

Ta ce ita da abokan aikinta suna wani bincike a kan masu irin wannan ƙari. Ba sa fasa kai, ta hanci suke shiga da siririn ƙarfe mai kyamara. Suna bin duk wanda suka yi wa aiki don su gano wa ganinsa ke dawowa, wa nasa ba ya dawowa, da dalili. Abin da suka fi bukata su sani shi ne tun yaushe abin ya fara. Ta ce jijiyar ido kamar ciyawa ce da aka ɗora wa dutse. In an ɗaga da wuri ta miƙe, in an daɗe sai a tarar ta mutu.

"Umma, yawanci daga ƙafa ake fara ganewa. Yaushe lambar takalminki ta canza?"

Firit ta gyara zama. "Ba ta taɓa canzawa ba, Likita. Talatin da shida nake tun ina budurwa." Ta zare takalmi ta miƙa.

Likitar ta juya shi ta ga lambar. Ta dubi ƙafar da ke kan siminti. Ta ce, "Wa ke yi miki takalmi?"

"Ga shi nan zaune. Duk garin nan babu kamarsa."

Likitar ta dubi Baduku, shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta mayar da takalmin a hankali ta ce, "Baba, in ka tuna wani abu, ƙofata a buɗe take. Masu jiran aiki suna da yawa. Ina so in san ko abin nan rarrafe yake yi ko gudu."

Washegari ya buɗe shago amma bai iya aiki ba. Ya soke yatsa da basilla, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo. Ya shafa gam a takalmin da aka kawo ɗinki. Mai shayin da ke gefensa ya leƙo ya ce, "Baduku, yau kai da wa?" Tsoro biyu ke cinsa. In ya faɗi gaskiya, kada su ce an makara, su tura ta ƙarshen layi su ɗauki wanda ciyawarsa ke da sauran rai. In ya yi shiru, kada su ɗauka abin sabo ne, akwai sauran lokaci, su bar ta tana jira har ɗayan idon ya rufe. Ga kuma Firit. Yaya zai dube ta ya ce abin da take taƙama da shi shekara da shekaru ƙaryarsa ce?

A gida kuwa abin sai gaba yake. An sallame ta daga aiki da kalamai masu daɗi. Ta fara bin bango da hannu. Wata safiya ya ga ta miƙa wa jikanta cokali ta wuce bakin yaron, ta sake gwadawa ta sake wucewa, sai ta ajiye kwanon ta ce wa Auta hannunta ne ke ciwo. Baduku ya fita waje ya jingina da bango ya yi kukan da bai yi ba ko ranar da ya rasa mahaifiyarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya koma shago, ya ture ƙunshin fata, ya kwaso ƙafafun katakon duka ya zuba a buhu. Ya shiga mota da buhun a cinya, suna ƙwanƙwasar juna duk inda aka faɗa rami. Ya jira a bakin ofishin likitar har ta sallami na gabansa. Da ya shiga bai ko gama gaisuwa ba ya fara fito da su yana jerawa a kan teburinta, daga ƙarama zuwa babba, har suka kai bakin tebur.

"Wannan ita ce ta gaskiya," ya ce, ya taɓa ta farko. "Wannan, shekarar da Auta ta gama makaranta. Wannan, shekarar aurenta. Wannan, da aka yi wa benenmu fenti. Wannan ta bara ce." "Duk talatin da shida na buga musu. Ni na yi, Likita. Ita ba ta sani ba."

Likitar ta tashi ta zagayo. Ta ɗauki ta farko da ta ƙarshe ta gwada su. Ta yi masa tambayoyi, yana amsawa, tana ƙirga shekarun a ranta. Ta nemi izininsa ta ɗauki hotonsu, ta ce samun tafiyar ciwon nan a jere haka yana da wuya, zai amfani waɗanda za su zo a baya. Ya ce ta ɗauka, ta ƙona su ma in tana so. Ba waɗanda za su zo a baya ne suka dame shi ba.

Ya ɗora yatsa a kan ta biyu. "Da na kawo ta tun a wannan fa?"

Ta mayar da katakon da ke hannunta kan tebur. Ya ce, "Ki faɗa mini. Na gaji da rufa-rufa."

"Da ƙaramin aiki ne, Baba. Da bai kai ga ido ba."

Ya gyaɗa kai. Sau nawa ya ji ana cewa garin neman gira an rasa ido, sau nawa shi kansa ya faɗa wa wani yana dariya. Bai taɓa sanin maganar tana da nauyi haka ba. Sai ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa.

"Likita, ga nawa idanun. Biyu ne, lafiyarsu ƙalau, zare nake sa wa allura ba tabarau. Ki cire ɗaya ki sa mata. Ki cire duka biyun ma, ni hannuna ya san aikinsa."

Ta kama shi ta ɗaga. "Baba, tashi don Allah, ka girmi mahaifina. Da ana yi da na faɗa maka. Ba ƙwayar idon ce ta lalace ba, igiyar da ke bayanta ce, ita kuwa har yau ba wanda ya iya dasa ta." Ta ce abin da ya kawo ya nuna mata ƙarin ya daɗe yana rarrafe, yanzu ne ya tashi da gudu, don haka ba za ta bar Firit a layi ba. Za a kwantar da ita cikin makon. Amma ta ce kada ya sa rai da yawa, kuma kada ya cire rai.

Ana gobe aiki, da la'asar, Auta ta fita da yaro tsakar asibiti ya sha iska. Firit na kwance cikin rigar marasa lafiya, ƙafafunta sun leƙo ta ƙasan bargo. Baduku ya jawo kujera. Ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Firit, akwai maganar da zan faɗa miki. Takalman nan..."

"Arba'in da biyu," ta ce.

Ya saki baki.

"Ko da ɗaya ne? Na direban motar wankinmu dai arba'in da biyu ne." Ta yi ƴar dariya mai kauri. "Wata rana ruwa ya malale a wurin aiki, na cire nawa don kada su jiƙe, na zura silifas ɗinsa in tsallaka. Maigida, sai ka ce don ni aka yi su. Na tsaya a cikin ruwan nan kamar an dasa ni."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka yi wa benen shagonka fenti. Na dawo gida da niyyar in ci maka mutunci. Na tarar kana goge mini sababbi, kana waƙa, ka ɗaga su kana cewa dubi ƴan ƙafafun amarya. Sai na kasa. Na ce mutumin nan ya sha wahalar sassaƙa ƙarya don in ji daɗi, in na tona shi ina zai sa kansa? Na karɓa na sa, na juya maka."

"Kika ci gaba da faɗa wa mata talatin da shida."

"To in daina su ce me? Su ce mijina maƙaryaci ne?" Ta lalubo hannunsa, sai da ta yi lalube biyu ta same shi. "Kai kana rufa mini asiri, ni ina rufa maka. Ga inda muka rufe kanmu."

Ya kifa goshi a kan hannun nata. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Can ta ce, a hankali, ba wasa a muryar, "Maigida, tsoro nake ji. Ba mutuwa ba, wannan ta kowa ce. Duhun nake tsoro. Ban gama ganin yaron nan ba, ko haƙori bai gama fitarwa ba." A karo na farko a zamansu bai ce takalmi ne mai laifi ba, bai ce komai zai yi daidai ba. Ya ce, "Ni ma tsoro nake ji."

Da safe aka tura ta. Ya bi gadon har ƙofar da aka ce nan ne iyakarsa. Ya zauna a benci a dogon baranda, Auta na gefensa tana jijjiga yaro tana motsa baki da addu'a. Rana ta ɗaga, ta take, ta fara karkata. Duk ƙofar da ta motsa sai ya zabura. An kawo masa shayi ya huce a hannunsa. Ya yi wa Allah alkawura iri-iri, waɗanda zai iya da waɗanda ba zai iya ba, har ya rasa abin da zai ƙara sai "Ka bar mata ɗaya, ɗaya kawai."

Da likitar ta fito, tun daga takunta ya san ba albishir ta ɗauko ba, ba kuma ta'aziyya ba. Ta zauna kusa da su, shatin hula a goshinta. Ta ce Firit na da rai, tana numfashi da kanta. Ƙarin ya yi tauri saboda daɗewa, kuma ya naɗe babbar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, wadda in aka taɓa ta ba a fita da mutum. Sun cire abin da ke kan jijiyar ido, sun bar sauran, za a bi shi da magani. Idon hagu ya tafi. Na dama kuwa ta ga jijiyar da idonta, ta yi fari ta yi siriri kamar zare.

"Tana gani?" in ji Auta.

"Sai ta farka ta faɗa mana. Ni ma ban sani ba."

Sai washegari da hantsi aka bar su suka shiga. An toshe mata hanci da auduga, tana numfashi ta baki, leɓunanta sun bushe. Idanunta a buɗe suke, suna kallon sama. Likitar ta tsaya a kanta ta kaɗa yatsu ta hagu. Shiru. Ta dama. Shiru. Ta sama, ta ƙasa. Auta ta juya baya ta cusa fuska a bango. Baduku ya riƙe ƙarfen gado.

Likitar ta kawo hannun a hankali ta tsakiya. Firit ta ce, "Tsaya. Wani abu ya gifta."

"Me kike gani, Umma?"

"Haske. Ɗan siriri, kamar ta tsagar ƙofa. Sauran duk baƙi."

Likitar ta sauke numfashi. Ta ce musu tsagar nan tana iya buɗewa in kumburi ya sauka, tana iya tsayawa haka, tana kuma iya rufewa. Wanne ne zai faru, abin da binciken nasu ke nema ke nan, kuma har yanzu ba su kai ga amsa ba.

Firit ba ta saurare ta ba. Ta ce, "Maigida, kana ina?"

"Ga ni nan, Firit."

"Murya nake ji. Zo ta ƙafafuna. An ce kada in juya kai, kai za ka nemo ni."

Ya saki ƙarfen ya koma ƙarshen gado.

"Matsa dama. A'a, damata. Ƙara. Ka wuce, dawo kaɗan." Yana matsawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. "Wannan aljihun rigarka ne. Sunkuya. Ƙara sunkuyawa."

Ya lanƙwasa gwiwa, ya dafa cinya, ya sauko da fuskarsa sannu a hankali.

"Tsaya!"

Ya tsaya cak. Idon nata na dama ya daina yawo. Hawaye ya gangaro ta gefensa ya shige cikin kunne.

"Ga ka nan," ta ce. "Ido ɗaya da rabin hanci. Kai, Maigida, ashe ka tsufa haka." Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Kada ka motsa. In ka motsa ban san ko zan ƙara samunka ba."

Nas ta leƙo ta ce lokacin ganin marasa lafiya ya ƙare. Likitar ta ɗaga mata hannu, ta koma. Auta ta zo ta tsaya a bayansa da yaro, tana jiran a ce ta kawo shi cikin tsagar. Gwiwoyin Baduku suka fara rawa, bayansa ya ɗauki zafi, gumi ya gangaro masa cikin ido yana yi masa yaji. Bai share ba, bai ko ƙifta da ƙarfi ba. Ya tsaya a inda take ganinsa.